In jira gidajen gwamnati ko in sayi fili a bayan Tumfure?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ƙaramin ma'aikacin gwamnatin tarayya ne ni a nan Gombe, ina haya ciki da falo a Pantami, iyali sun fara yawa. Na kwashi adashe na haɗa da kuɗin tumakina, miliyan biyu da rabi ke hannuna. Tun 2024 da aka sa Gombe cikin jihohin da za a gina wa gidaje 250 na shirin Renewed Hope nake sa rai, ga shi kowane wata ana cire mini kashi 2.5 na albashina zuwa asusun gidaje, wato NHF. In riƙe kuɗin in jira, ko in sayi fili in fara aza bulo a hankali? Wanda ya taɓa samun gida ta wannan hanya ya faɗa mini yadda ya yi.

Ɗan Bolari: Wa alaikumus salam. Ka sayi keke napep ka ba yaro, ya riƙa kawo maka balas.

Injiniya: Malam, lissafi za ka yi. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 take kumbura, ga mutanen Borno da Yobe da rikici ya koro suka zauna. Gidaje 250 ko ma'aikatan sakatariya ba za su isa ba. Shi asusun NHF dokar 1992 ce ta kafa shi, bankin lamunin gidaje na tarayya, wato FMBN, ke riƙe da shi, ruwan bashin gidan da yake bayarwa kashi 6 ne, ana iya biya har shekara 30. Ka cike takarda, amma kada ka ajiye kuɗi kana jira, naira ba ta jira.

Maman Walid: Ɗan uwana, Allah ya sa ka ji maganata. Ni da marigayi maigidana haka muka yi, muka shiga biyan kaɗan-kaɗan wajen wani kamfanin filaye. Har sarƙar zinarina na sayar. Da muka gama biya aka nuna mana fili, muka kai tifar yashi, muka buga bulo. Ranar da magina suka zo haƙa sai ga wani mutum da takardarsa, bayan sati ga wata mata da tata. Fili ɗaya, mu uku, kowa da sa hannun shaidu! Muna ta zaryar kotu Allah ya yi masa rasuwa. Bulon nan yana can ruwa ya cinye shi, ni kuma ina haya da marayu huɗu. Na bar su da Allah.

Baban Hanifa: Innalillahi. Allah ya jiƙansa Hajiya, ya saka miki.

Injiniya: Amin. Shi ya sa kafin ka ba da ko kwabo ka kai takardun GOGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen jihar, a duba. Takardar mai unguwa kaɗai ba ta wadatar ba, dokar filaye ta 1978 a hannun gwamna ta sa ƙasa. Kuma ka je da damina ka ga filin, zaizayar ƙasa a Gombe ba wasa ba ce, kwari na iya biyo ka har ɗaki.

Almajirin Malam: Duk kun tsallake babbar magana. Kashi 6 ɗin nan kuɗin ruwa ne. Ya tambayi malamai tukuna.

Ɗan Bolari: Ustaz, kai da har yanzu kake soron gidan babanka, kai ne mai fatawar gida? 😂

Almajirin Malam: Gara soron babana da benen riba.

Sarkin Dillalai: Miliyan biyu da rabi ba ta sayen fili mai ƙafa hamsin da ɗari a Tumfure yanzu, sai huɗu zuwa sama. Amma ka same ni ta akwati, akwai wani mai buƙata.

Uwar Biyu: Kai dillali ji tsoron Allah! Ƙanina ya saya can ciki miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas.

Sarkin Dillalai: Can ciki ina? Inda ko ɗan acaɓa ba ya zuwa?

Ɗan Bolari: Filin ma mai sauƙi ne. Kamfanin siminti na Ashaka na nan cikin jiharmu, amma a farkon 2024 buhun siminti ya haura dubu goma. Malam zai kai linta jikokinsa su yi rufi.

Uwar Biyu: Ni fa ku dillalai kun fi siminti ci mini rai. Maigidan da nake haya ya ninka kuɗi bana, ko fenti bai shafa ba, famfo ba ya kawo ruwa, ga madatsar Dadin Kowa a kusa amma kullum sai na sayi kurar 'yan ga-ruwa. Na fita neman wani gida, dillali ya ce kuɗin nuni daban, la'ada kashi goma daban.

Sarkin Dillalai: Hajiya, mai na babur ɗina kyauta ake ba ni?

Baban Hanifa: Jama'a na gode, amma har yanzu ba wanda ya ce mini ya taɓa samun gidan gwamnatin nan.

Maman Walid: Uwar Biyu, wace unguwa kike? Mu nan ma an aiko mana takardar ƙari, wai ko mu biya kafin ƙarshen wata ko mu tashi.