An rushe mana zauren kaka

Ɗan Birni: Wallahi raina a ɓace yake. Na dawo gida jiya na tarar baffannina sun sa an rushe zauren kakanmu wai shaguna uku za su yi na bulo, zauren da aka ɗaura auren babanmu a ciki fa, mai rufin baka na ɗaurin guga da zankwaye a kan soro, azarar nan ko gara ba ta taɓa ba an tara ta a bakin kwata kamar itacen girki. Haka aka yi wa Ƙofar Na'isa ta Kano a 2010 saboda faɗaɗa titi, aka maye mana da ta siminti. Duk wanda ya raina gidan laka ya raina asalinsa.

Baba Magini: Laka kuma? Yaro gyara bakinka, ginin ƙasa ake cewa. Jar ƙasa ake kwaɓawa da ciyawa a mulmula tubali ya sha rana, in an gama a shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa. Laka ta gindin rijiya ce.

Ɗan Birni: Baba ai duk ɗaya ne

Baba Magini: Ba ɗaya ba ne.

Abu Fagge: To kududdufan cikin birni daga ina suka fito in ba ramin da aka haƙi ƙasar gini ba? me ke cikinsu yanzu in ba laka ba hhhh

Bazazzagi: Ku da ba ku ma san sunan abin ba kuke kuka a kai. Ku zo Zariya ku ga masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tukuna.

Abu Fagge: Wanda kuka lulluɓe da siminti? Mu tun zamanin Sarkin Kano Gijimasu aka fara badala malam, lokacin kuna ina

Bazazzagi: Ganuwa dai.

Abu Fagge: BADALA

Ɗan Damagaram: Ku duka ku yi shiru, hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce ta ƙasa zalla, UNESCO ta sa garin a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2013. Ku me kuka bari a tsaye?

Maman Ilham: Laka ko ƙasa ni dai na san mu ke tara kwanuka a tsakar ɗaki in damina ta yi nisa, ku maza sai yabon sanyin soro amma a ce a kawo kuɗin yaɓe kowa ya ɓace.

Baba Magini: Hajiya indararonku ne ya toshe, ba laifin ginin ba ne.

Ɗan Birni: Jama'a maganar zauren nake yi fa

Admin Kanawan Dabo: To na rufe. Abin da aka tsayar shi ne ginin ƙasa ake cewa, badala ce ba ganuwa ba, kuma Kano ta riga kowa. Bazazzagi bai kawo hujja ba, na Nijar kuma baƙo ne mun yi masa kara. Ɗan Birni in azarar nan ta sayarwa ce ka yi min magana ta inbos.