Uba na shan tramol, wa ke duba yaran?

A zaman da iyaye da ma'aikatan lafiya da na jin daɗin jama'a suka yi a Garwa, an fi daɗewa kan gidan ɗan acaba da tramol ta kama. Asibiti na jinyar uban, ofishin kula da yara na bin yaran, kowa da takardunsa. Aka ce wanda ya fara shiga gidan ya sanar da ɗayan, da izinin iyalin. Kada a gaggauta ɗauke yaro, a nemi kaka ko goggo tukuna. Nan na fi gamsuwa. Yanke ƙwayar farat ɗaya na kawo gumi, rawar jiki da rashin barci, likita ne zai rage ta a hankali. Batun kiran 'yan sanda kuwa, an watse ba a daidaita ba.