Kana ƙarami, na sama da kai ya ce ka sa hannu a zalunci: me ka yi?

Malamar Aji:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk lokacin da muka zo maganar gaskiya a aji, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, idan wanda ya fi ni ƙarfi ne fa?" Wa'azi kawai ba ya gamsar da su, kuma ban ga laifinsu ba. Don Allah duk wanda aka taɓa matsa wa ya cuci wani yana ƙarami, ba shi da uwa a gindin murhu, ya ba mu labarin abin da ya yi da abin da ya biyo baya. Kada a kama sunan kowa.

Ɗan Koyo:
Wa'alaikumus salam Malama. Ina shekara 16 ina koyon kanikanci. Wata mata ta kawo mota birki ba ya ci. Oga ya ɗauko tsohon takalmin birki da muka cire daga wata motar, ya ce in wanke shi da fetur in goge in ɗaura, za a ce mata sabo ne. Da na leƙa motar sai na ga jakunkunan makaranta na yara a kujerar baya. Jikina yana rawa na ce, "Oga ka yi haƙuri, hannuna ba zai iya ba." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ya tsinke ni da mari, ya ƙwace sifana, ya ɗaura da kansa.

Na daɗe ina shara da ɗiban ruwa, ba a bari in taɓa inji. Sai daga baya na ji cewa babban yaron garejin, wanda bai ce uffan ba ranar, ya bi matar har bakin titi ya raɗa mata ta je wani wuri a sake duba birkin. Da na tambaye shi, ya ce ya jima yana ganin ana yin haka, kunya ce ta kama shi da ya ga ƙaramin cikinmu ya ƙi.

Ƙanwar Maza:
Ni a makarantar kwana ce. Kuɗin wata siniya ya ɓata, aka ɗora wa wata sabuwar yarinya mai in'ina, don an san ba za ta iya kare kanta da baki ba. Aka ce kowa a ɗakin ta zo ta zuba mata dundu, sannan ba mai sake yi mata magana. Da layi ya zo kaina na tsaya hannuna a ƙasa. Aka yi ta ihu a kaina, ni dai na ƙi ɗagawa, aka haɗa mu aka sa mu kneel a tsakar gida har aka kashe fitila.

Abin da ya fi wuya ba daren ba ne, kwanakin da suka biyo baya ne. Da asuba nakan ɗauki bokitinta tare da nawa in kama mana layin famfo. A aji na mayar da kujerata kusa da tata. Ƙawayena suka janye jiki, abin ya yi mini ciwo sosai. Ba a taɓa wanke ta a gaban jama'a ba, har muka gama makaranta. Amma ba ta gudu gida ba kamar yadda ta yi niyya, kuma sannu a hankali wasu suka fara gaishe ta a ɓoye.

Abu Hanan:
Ɗan Koyo, abin da babban yaron nan ya gaya maka masana sun gwada shi. A shekarun 1950 Solomon Asch ya riƙa sa mutum cikin rukunin da aka shirya su ba da amsar ƙarya kan tsawon layuka. Kusan uku cikin huɗu sun bi ƙaryar aƙalla sau ɗaya, alhali idonsu na ganin gaskiya. Da aka sa mutum ɗaya tak a rukunin ya faɗi daidai, bin ƙaryar ya faɗi ƙasa warwas. Haka a gwajin Stanley Milgram a Jami'ar Yale: mutum 26 cikin 40 sun bi umarni har suka danna abin da suka ɗauka wutar lantarki ce mai ƙarfin bolt 450 a jikin wani. Da aka sa abokan aiki biyu suka ƙi a gabansu, 4 kaɗai cikin 40 suka kai ƙarshe. Na gani da idona a ofis: sabuwar ma'aikaciya ta ƙi sa hannu a takardar kayan da ba a kawo ba, sai mu da muka girme ta muka samu bakin magana.

Baban Yara:
Malama, ina roƙonki ki yi hattara da yadda za ki kai wa yara wannan magana. Iqbal Masih ya tsere daga bautar saƙar darduma a Pakistan, ya tona asirin masu bautar da yara, aka harbe shi a 1995 yana shekara 12. Malala Yousafzai, mai fafutukar karatun yara mata a Pakistan, an harbe ta a ka a 2012 tana shekara 15, Allah ne ya yi da sauran kwananta. Muna yabon yaran nan, amma ina manya suke lokacin? Ina yaro na ba da shaida a kan wani babba da na ga yana dukan ɗan aikinsa da wayar lantarki. Manyan da suka gani tare da ni duk suka ce ba su ga komai ba, aka bar ni da sunan maƙaryaci. Har yau ban yi nadama ba, amma ba zan so ɗana ya tsaya shi kaɗai haka ba. Hadisin gusar da mummuna ma matakai uku ya kawo, hannu, harshe, zuciya, gwargwadon iko. Ki koya musu su fara neman babba mai amana kafin su tunkari azzalumi.

Ɗaliba Nas:
Baba, maganarka gaskiya ce. Claudette Colvin ma, da ta ƙi tashi wa farar fata a bas a Montgomery ta Amurka a watan Maris 1955 tana shekara 15, kama ta aka yi. Sai da lauyoyi suka sa ta cikin masu ƙara tare da wasu mata kafin kotu ta soke wariyar bas a 1956.

Ni ina kan aikin koyo a asibiti, aka manta ba a ba wani dattijo allurarsa ta dare ba, jikinsa ya rikice. Babbar nas ta miƙo mini fayil ta ce in rubuta an ba shi ƙarfe goma, in sa hannu. Ita ce za ta cika mini takardar sakamako. Na ce, "Anti, ban ba shi ba, kuma ban ga an ba shi ba." Na koma gefe na rubuta kwanan wata da lokaci da abin da aka ce mini a littafina, da safe na kai wa malamar da ke kula da mu daga makaranta. Ita ta shiga ofis ta yi maganar, ba ni ba. Likita ya gyara maganin dattijon a ranar. Ni kuma aka sauya mini ɗaki, sakamakona na wannan zangon ya fito da maki mafi ƙaranci da na taɓa samu, kuma malamar tana nan tana bin maganar a sake duba shi.