Ƙarnin kifi ya hana ni ci, ina mafita?

Salam 'yan uwa mata, dan Allah a taimaka min. Cikina wata 6, a wajen awo nas ta ce in dinga cin kifi mai maiƙo irin titus ko sadin sau 2 a sati saboda omega-3 ɗinsa na gina ƙwaƙwalwa da idon jariri, to wallahi ko ƙarninsa na ji sai amai, jiya na soya da citta da lemon tsami amma loma biyu na dawo da shi. Ga Hajiyar maigidana ta hana ni ƙwai da man shanu wai yaro zai yi ƙato haihuwa ta yi wuya. Gyaɗa da riɗi za su iya maye gurbin kifin? Ko ya kuke dafa shi ƙarnin ya mutu? Abin na damuna sosai.