Wanda ya taɓa zama jarrabawar sauraro ko ta karatu a Turanci ya ba mu labari

Malamar Turanci, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a aji biyar na sakandare, satin da ya wuce na kunna wa ɗalibaina wani labari na minti biyu a 'yar sifika, na ba su tambaya goma. Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a ajin, tambaya uku kacal ta ci wallahi. Washegari na buga labari mai irin tsawonsa a takarda, ta ci tara. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, ashe duk shekarun nan idonsu kawai nake gwadawa, ban taɓa gwada kunnensu ba. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana yadda ta kasance.

Nas daga Kano:
Wa'alaikumus salam Malama, kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ni IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci, na zauna don aikin jinya a Ingila, hukumar nas-nas ɗin can tana neman maki 7 cikin 9 a sauraro da karatu. Tambaya 40 ce, kashi huɗu, kamar minti 30, kuma sau ɗaya tak ake kunnawa. Na shiga da ƙarfin gwiwata tunda ina da kiredit a Turanci, kashin farko ma hirar waya ce kawai, mutumin ya ce ranar Talata na rubuta da sauri, ina cikin rubutun ashe ya gyara ya ce a'a Alhamis, kafin in farga tambaya biyu sun wuce ni, ga 15 da 50 duk ɗaya nake jinsu a bakin Baturen. Maki 6 na samu, na yi kuka sosai don kuɗin ba kaɗan ba ne. Wata uku na yi kullum ina jin BBC ta Turanci ina girki, karo na biyu Allah ya taimake ni na samu 7.5.

Ɗan Zangon Kumasi:
Mu a Gana tun a WAEC muke haɗuwa da shi, ana kunna murya a zauren jarrabawa kana ji kana zaɓar amsa. Da na je Najeriya na ga ku takarda ake ba ku, tambaya 60 kan sautuka da inda ake danna kalma, ba a kunna komai, na yi mamaki gaskiya.

Mai neman digiri na biyu:
Ni karatun IELTS ɗin ne ya kayar da ni Malama. Minti 60, dogayen rubutu uku, tambaya 40, babu ƙarin lokacin kwafe amsa. Na tsaya karanta na farko kalma-kalma kamar yadda aka saba mana, na ci rabin awa a kansa. Sai kuma tambayoyin nan da za ka ce gaskiya ne, ƙarya ne, ko ba a ambata ba. Abin da na sani a kaina nake amsawa da shi, alhali su abin da ke cikin rubutun kaɗai suke tambaya.

Tsohon malamin firamare:
'Yata, ki kula da abu biyu. Na taɓa yin irin gwajinki a wata makaranta, janareta na ƙara a bayan taga, duk yaran bencin baya suka faɗi, da na dawo da su gaba sakamakon ya canza. Na biyu, yaro zai ji daidai ya fahimta sarai amma ya kasa rubuta kalmar, ki ba shi sifili, to nan rubutunsa kika auna. Ni nakan ce su zaɓi hoto, ko su ba ni labarin da Hausa, nan take nake gane wanda ya fahimta.

Malamar Turanci, Zariya:
Na gode Baba, wannan ta bayar da labari da Hausa ban taɓa tunaninta ba. Su 68 ne a ajin, zan raba su gida uku in matso da su kusa da sifikar, ran Litinin in sha Allahu zan sake gwadawa in dawo muku da abin da ya fito.