An raba wa ɗalibai kwamfuta: me za a auna a gane ta yi amfani?

Shugabar makaranta: Assalamu alaikum malamai. Idan makaranta ta karɓi kwamfutocin hannu da manhajar lissafi, aka ce ta kawo rahoto a ƙarshen shekara, me ya kamata ya shiga rahoton? Yawan na'urorin da aka raba kaɗai bai gamsar da ni ba.

Jami'in tantance shirye-shirye: Wa alaikumus salam. Hajiya, kin yi gaskiya. A Peru an gwada shirin ba kowane yaro kwamfuta a makarantun firamare 319 na karkara. Sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna bayan wata 15 makin lissafi da na harshe bai ƙaru ba, duk da na'urorin sun isa hannun yara. Saboda haka a yi jarrabawa tun kafin a buɗe kwali. A raba azuzuwa gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu su fara bana, wasu baɗi. Idan aka bar malamai su zaɓa, masu ƙwazo ne za su karɓa, sai a jingina wa na'ura aikin da malami ya yi. A ƙarshe kowa ya zauna jarrabawa iri ɗaya, a rana ɗaya, kuma kada kamfanin manhajar ya tsara tambayoyin, domin abin da manhajarsa ke maimaitawa zai tambaya.

Mai kula da ɗakin kwamfuta: Allah ya gafarta Malam, akwai abin da ke gaban jarrabawa: na'urar tana tashi kuwa? A buɗe littafi mai layi huɗu: lambar na'ura, ranar lalacewa, abin da ya lalace, ranar dawowa. Caja da bakin caji su ne kan fara mutuwa, sai gilashi, sai batir da ke rage riƙe wuta bayan shekara biyu zuwa uku. A ware na'ura biyu ko uku a kowane aji na ko-ta-kwana. A darasin minti 40, rabawa da shigar da kalmar sirri da tattarawa kan ci minti 10 cur. Manhaja tana ajiye mintunan da kowane yaro ya yi aiki, a ciro su duk mako.

Malamar lissafi: Wannan na mintuna shi ne ƙashin bayan zancen. A birnin Delhi na Indiya an gwada wata manhajar koyo mai suna Mindspark da ɗalibai 619 ta hanyar ƙuri'a, kuma cikin wata huɗu da rabi an ga ci gaba sosai a lissafi da harshen Hindi. Amma a dubi tsarin: minti 45 a kan kwamfuta, minti 45 tare da mai koyarwa, kwana shida a mako, manhajar kuma tana farawa daga inda yaro ya tsaya, ko da ya yi baya da ajinsa da shekaru. A raba sakamako kashi uku: na sama, na tsakiya, na ƙasa. Matsakaicin maki yana iya hawa alhali na ƙasa suna nan inda suke. Kuma kada a yanke hukunci da zangon farko, ɗokin sabon abu ne.

Mataimakin shugaban makaranta: Ranki ya daɗe, a duba ƙa'idar fashewar gilashi. Duk inda aka ce malami ne zai biya, a kabad na'urorin ke kwana su wuni, makulli yana aljihunsa, kuma ba laifinsa ba ne. A rubuta wanda zai biya gyara, da wanda ke da ikon ganin bayanan yara, da ranar da kamfani zai goge su idan kwangila ta ƙare.

Jami'in tantance shirye-shirye: Na manta abu ɗaya, Hajiya. A ƙirga waɗanda suka zauna jarrabawar farko amma ba su zauna ta ƙarshe ba, a kowane ɓangare. Idan masu rauni ne suka zube daga azuzuwan kwamfuta, makin zai hau ba tare da an koyi komai ba.