Me ya sa kibiyoyin iskar ASCAT ke juya baya a Tekun Gini?

Ɗalibin yanayi:
Salamu alaikum malamai. A taswirar iskar Tekun Gini ta ASCAT, na'urar da ke gano iskar teku daga sararin samaniya, kibiyoyin da ke nuna alkiblar iska duk sun taso daga kudu maso yamma kamar yadda aka saba da damina, sai wani ɗan yanki ya juya baya gaba ɗaya. Iskar ce ta juya, ko na'urar ce ta yi kuskure?

Injiniyan rada:
Wa alaikumus salam. Yawanci ba iskar ba ce. ASCAT, wadda ke kan taurarin ɗan'adam na MetOp, ba ta auna iska kai tsaye. Rada ce da ke harba siginar maikirowef mai gigahaz 5.255 a karkace, ta auna abin da ya dawo daga ƙananan tozayen ruwa masu 'yan santimita, waɗanda iska ke tayarwa. In ruwa ya yamutse, sai sigina ya dawo da ƙarfi. Kowane gefe akwai eriya 3, a kusurwar digiri 45, 90 da 135 daga hanyar tauraron, wato sau 3 ake duban wuri guda. Daga nan ake lissafa iskar da ke mita 10 bisa ruwa.

Ƙarfin iska yana fita da kyau. Alkibla ce matsala, domin tozon da iskar gabas ta tayar da na iskar yamma kusan kama ɗaya suke yi wa rada. Lissafi kan ba da amsa 2 zuwa 4, manyan biyun suna ba juna baya. Sai a zaɓi ɗaya ta hanyar kwatanta ta da hasashen ECMWF, wato cibiyar hasashen yanayi ta Turai, da kibiyoyin maƙwabta. In hasashen ya kauce, zaɓin ma ya kauce.

Mai hasashen yanayi:
Gaskiya ne, Injiniya. Ɗan'uwa, fara duba alamar ingancin da ke cikin fayil ɗin bayanan ASCAT kafin ka yarda da kibiya. Sannan ɗora hoton gajimare na tauraron yanayi Meteosat na wannan sa'ar. Wajen ƙarfe 9:30 na safe da na dare MetOp ke ratsawa. In akwai hadari a wurin, ruwan sama na dukan fuskar teku yana ɓata tozayen, ko da yake bai cika damun ASCAT ba kamar yadda ya dami QuikSCAT, wata tsohuwar rada irinta mai gigahaz 13.4. Amma ka lura, hadari kan zubo iska ƙasa ta bazu ko'ina, ka ga juyawar na iya zama ta gaske. Iskar da ba ta kai mita 3 a sakan ba kuwa, ni ba na kula alkiblarta.

Injiniyan rada:
Haka ma kibiyoyin da ke daf da gaɓar Legas ko Fatakwal: ƙasa ta fi ruwa mayar da sigina nesa ba kusa ba, sai iska ta yi kamar ta fi ƙarfinta. Malalar ɗanyen mai kuma akasin haka take yi, tana kwantar da tozayen har na'ura ta ga kamar babu iska.